Laraba Bayan Misar Safe

Duk mai zuwa cocin nan ya san matar Kafinta, kuma ya san abin da take yi idan lokacin karɓar Jibi, wato gurasar nan mai tsarki, ya zo. Mawaƙa za su ɗauko waƙa mai sanyi, masu tsaron layi su fara tayar da mutane benci bayan benci, ita kuwa sai ta tattara zanenta, ta karkatar da gwiwoyinta gefe don a sami hanyar wucewa. Wani ya ce "sannu, Mama", wani ya taka mata yatsa ya wuce ko waiwaye babu. Idan sun dawo, baki a rufe, hannuwa a haɗe, ta sake karkatawa. Yaran da ta riƙe a hannu ranar baftismarsu sun girma har sun tara gemu, su ma ta karkata musu sun wuce.

Ba wani mugun abu ta aikata ba. Aurenta ne. An ɗaura shi a gida, dangi da dangi, aka ci aka sha aka watse, amma ba a taɓa kai shi coci gaban bagadi, teburin nan mai tsarki, ba. A dokar coci kuwa, ɗan Katolikan da bai kai aurensa gaban Fada ba, wato limamin coci, ba ya karɓar Jibi, ko da shi ke share cocin. To ita ce ma mai sharar. Ranar Asabar tana cikin matan da ke goge bencina. Ranar Litinin ita ke kwaso ƙyallayen bagadi ta wanke, har da ɗan farin da Fada ke goge ƙoƙo da shi, wanda ba a zubar da ruwan ɗaurayarsa na farko a kwata, sai dai a kai shi gindin itacen da ke bayan coci. Babu taron ƙungiyar mata da ta taɓa fashi, babu addu'ar rosari, wato ta jan carbi, da aka yi ba da muryarta ba. Mutane na yaba ta, suna kuma tausaya mata, kuma tausayin ya fi zagi ci mata rai.

Abu ɗaya take so a duniya, ba ta kuma ɓoye shi. So take ranar nan ta zo da ita da mijinta za su tsaya gaban bagadi, Fada ya ce wannan mijin wannan ce a gaban Allah, sannan su miƙa hannu su karɓi Jibi tare.

Shi kuwa Kafinta, mutum ne mai raha, mai taurin kai kamar ƙusar da ta lanƙwashe cikin katako. Shi ma ɗan cocin ne tun haihuwa. Abin da ya raba shi da cocin da daɗewa ya faru, lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Ita ma aurenta na gida ne, sai Fadan wancan zamanin, wani dattijo mai tsauri, ya ce ba za a shigo da gawarta coci ba, sai dai Katikis, mai koyar da addini a cocin, ya je ya yi mata addu'a a bakin kabari. Kafinta da hannunsa ya haɗa akwatin uwarsa, ya kuma rantse a kansa cewa ƙafarsa ba za ta ƙara tsayawa gaban bagadin nan ba. Abin dariya, rabin bencinan cocin shi ya ƙera su, kuma duk sanda ɗaya ya fara rawa shi ake kira. Yakan zo ranar aiki da guduma, fensir a bayan kunne, ya gyara ya fita. Idan an tsokane shi sai ya ce, "Ni katako bai yi mini laifi ba."

Kowace shekara, da an shiga sabuwa, Katikis yakan tashi lokacin sanarwa ya ce duk masu son gyara aurensu su zo, za a yi koyarwa ranakun Asabar, a ɗaura na kowa gaba ɗaya bayan bikin Ista. Kowace shekara takan koma gida ta dafa abin da ya fi so, ta jira ya ƙoshi, sannan ta fara.

"Baban Auta, yau an yi sanarwa."

"An yi ta bara ma."

"Haba, don Allah. Mun tsufa fa."

"To, auren ne bai kama ba har yanzu? 'Ya'ya biyar, ga jikoki, a ce sai mutumin da bai taɓa aure ba ya zo ya koya mini yadda ake yi? Uwar yara, miƙo mini ruwa."

Sai ya yi dariya, ita ma wani lokaci ta yi, don ba ta iya riƙe fushi da shi. Bai taɓa hana ta zuwa coci ba. Idan ana ruwa ma shi ke kai ta a babur, ya ajiye ta a bakin ƙofa ya juya.

Abin da ya karya shi mutuwar Mai Kitso ce, ƙawarta, wadda suke zama benci ɗaya, su biyu suna karkata gwiwa tare. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke ta. An kai ta coci kam, don Fadan yanzu matashi ne mai sauƙin kai, amma a wajen makoki matar Kafinta ta ji wata tana cewa, "Allah sarki, ta tafi ba ta taɓa karɓa ba." Ta dawo gida ta zauna a bakin gado da mayafinta a ka, ba ta hura wuta ba. Kafinta ya shigo ya fita, ya sake shigowa. Can ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa.

"Gobe ki shirya mu je wajen yaron nan naku."

"Wane yaro?"

"Fada mana. Amma ki sani, don ke zan yi, ba don su ba."

Ofishin Fada ɗan ƙaramin ɗaki ne a gefen coci, da tebur, da fanka mai ƙara, da gicciye a bango. Fada ya tashi tsaye ya karɓi Kafinta da hannu biyu, ya saurare shi har ya gama zuba tsohon fushinsa, bai katse shi ba. Da ya gama sai Fada ya ce, "Baba, abin da aka yi wa mahaifiyarka ya yi zafi, ba zan ce bai yi ba. Na gode da ka zo." Kafinta ya shirya faɗa bai samu ba, sai ya hau kallon ƙafar teburin yana cewa tana bukatar gyara.

Sannan Fada ya juya gare ta. "Mama, ku ba yara ba ne, ba sai kun jira taro ba. Mu zauna da ku sau ɗaya ko biyu, mu gama abin da ya kamata, ranar wata Laraba bayan Misar safe ku zo da shaidu biyu. Kafin rana ta yi zafi kun koma gida."

"Yauwa!" in ji Kafinta. "Wannan ita ce magana. A yi a gama kafin in canja ra'ayi."

Ita ce ta ƙi. A nan fa abin yake, kuma babu wanda za a ɗora wa sai ita. Ta san Misa, wato sujadar coci, ta safiyar Laraba: tsofaffi kaɗan, babu mawaƙa, babu turare, Fada na sauri don ya tafi asibiti gaida marasa lafiya. Zuciyarta ta ce ina! Shekara da shekaru ana tsallake ƙafafunta ranar Lahadi a gaban kowa, sannan a ce ta tashi a ɓoye kamar mai biyan tara?

"Fada, ka yi haƙuri," ta ce. "A idonsu na zauna, a idonsu nake so in tashi. Mu jira na taron."

Kafinta ya dube ta ya girgiza kai. "Ka ji mata ko, Fada? Ta dame ni shekara talatin, yau na ce to, ta ce sai an tara mata 'yan kallo." Fada ya yi dariya, ita ma ta yi, aka tashi a kan sai bayan Ista.

Kuma ya cika alkawari. Kowace Asabar da yamma yakan rufe shago ya zo ajin Katikis, ya zauna can baya cikin samari da 'yan mata masu shirin aure, ya hana kowa sakat da barkwanci. Katikis ya ce miji ya zama mai haƙuri, shi ya ɗaga hannu ya ce a tambayi matarsa wa ya fi haƙuri a gidan. Ita kuwa ta zama kamar amarya. Ta sayi yadi fari ta kai wa tela, ta roƙi shugaban mawaƙa waƙar da take so, Uwar Ƙungiya ta ce mata za su fito da ankonsu. Ranar Lahadi tana karkata gwiwa tana murmushi, a ranta tana cewa ku wuce, saura kaɗan.

Ana tsakiyar azumin Ista, wata ranar Alhamis da hantsi, maƙwabcin shagonsa ya ji zarto ya yi shiru, ya leƙa ya same shi kwance cikin garin katako, baki a karkace. Hawan jini ne ya buge shi. Ya yi makonni a asibiti, aka sallamo shi da rabin jiki a shanye, magana ta tafi ɗungum. Likita ya ja Auta gefe, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke aiki a kantin magani, ya gaya mata gaskiya: ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa sosai, kada su sa rai da yawa. Auta ta gaya wa uwarta rabi ta riƙe rabi.

Aka mayar da gadonsa falo, kusa da taga. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma sai an juya shi, an goge masa baki, an ba shi shayi da cokali. Idanunsa a buɗe suke, suna bin duk abin da ya motsa, ko labule ne ko ƙuda. Idan an yi masa magana yakan gyaɗa kai. A wannan gyaɗawar ta rataya duk ranta.

Ta aika aka kira Fada. Ya zo da rana tare da Katikis da Uwar Ƙungiya, don ta ce a zo da shaidu. Ta yi wa mijinta aski, ta sa masa farar riga, ta shimfiɗa ƙyalle a kan ɗan tebur ta kunna kyandir.

"Fada, ka ce Laraba. To ga mu, ko yau ba Laraba ba ce. Ba ya magana, amma yana ji. Ka tambaye shi ka gani."

Fada ya jawo kujera ya zauna daf da gadon, ya kama hannun da ke da rai. "Baba, ka gane ni?" Kafinta ya gyaɗa kai. "Wannan matar da ke tsaye, kana so a ɗaura muku aure a gaban Allah?" Ya gyaɗa kai.

"Ka gani!" ta ce. "Kun gani ko? Katikis, ka shaida!"

Fada bai ɗago ba. Sannan a hankali ya ce, "Baba, ko ba ka so? Ka fasa?" Kafinta ya gyaɗa kai, daidai irin ta farko. Fada ya nuna Katikis. "Wannan ɗanka ne?" Ya gyaɗa. Idanunsa ma ba a kansu suke ba, suna kan harshen kyandir.

Ta durƙusa a ƙasa ta riƙe gefen rigar Fada, ba ta ji kunyar kowa ba. "Ya yarda tun yana da lafiya! A ofishinka ya faɗa, da kunnenka ka ji. Ya je aji, kowa ya gan shi. Ni ce na ce a jira, ni ce, ba shi ba. Kada ka hukunta shi da laifina."

"Mama, tashi, don Allah tashi." Idanun Fada sun yi ja. "Na ji shi, kuma na san da gaske yake. Da hannu kawai zai iya matsawa da saninsa, da na karɓa. Amma aure ba ni nake ɗaura shi ba, shi ne zai ba ki kansa, yau, da hankalinsa. Idan na yi yanzu, wasa na yi da ku duka biyu."

Ya ciro 'yar kwalbar mai ya shafa wa Kafinta a goshi da tafin hannu, ya yi masa addu'ar marasa lafiya, su Katikis suna amsawa. Ita ba ta amsa ba. Da za su tafi sai Fada ya ce sauran su jira shi a waje, ya tsaya da ita a bakin ƙofa ya rage murya.

"Akwai abin da ya kamata ki sani. Yadda abubuwa suka koma yanzu, babu abin da ya hana ki karɓar Jibi. Ki zo ki furta zunubi, shi ke nan. Zaman da kuke yi yanzu kamar na wa da ƙanwa ne."

Da farko ba ta gane ba. Da ta gane sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Wato ƙofar da ta yi shekaru tana ƙwanƙwasawa ta buɗe, kuma ta buɗe ne don an duba mutumin da ke kan gadon can an ga ya ƙare.

"Wana ya daɗe da mutuwa, Fada," ta ce. "Wannan mijina ne."

"Na sani, Mama."

"Ka sani, amma ba za ka faɗa a gaban bagadi ba."

Fada ya juya ya fita wajen masu jiransa.

Labari ba ya kwana a coci. Kafin mako ya zagayo mata sun ji, suka riƙa zuwa gaisuwa da fara'ar da ba su iya ɓoyewa. Uwar Ƙungiya, mace mai kirki wadda bakinta ya fi tunaninta sauri, ta zauna a falon nan, a gaban gadon, ta ce, "Kin ga ikon Allah ko? Ta inda ba a zata ba yake buɗe hanya." Auta ma ta sa baki. "Mama, ki je. Tun ina yarinya nake ganin kina kuka a kan abin nan. Da Baba zai iya magana, cewa zai yi ki je." Suka yi ta yi har ta gaji da cewa a'a. Ta kuma ji tsoro, gaskiya, tsoron kada ita ma a tsaya a makokinta a ce ta tafi ba ta taɓa karɓa ba.

Ranar Asabar ta shiga ɗan akwatin furta zunubi ta durƙusa. Ta faɗi ƙanana, fushi da gulma da ƙorafi. Sannan ta zo kan babban, ta faɗe shi yadda aka koya musu: ta zauna da namiji ba tare da albarkar coci ba. Da namiji! Mutumin da ya sayar da injinsa lokacin da aka yi mata aiki, wanda ya binne ɗansu na biyu da hannunsa ya dawo ya rarrashe ta, shi ne ya zama "namiji" a bakinta. Fada ya yi mata magana mai taushi ta bayan labule, ba ta ji ko ɗaya ba.

Lahadin ta faɗo daidai ranar auren taron, don Uwar Ƙungiya ta ce ai ranar da aka sa mata ke nan. Coci ya cika har waje. 'Yan ajin Katikis suka jeru gaban bagadi biyu-biyu, kowane namiji ya buɗe baki ya ce ya yarda, jama'a na tafi. Mawaƙa ba su manta ba, suka rera waƙar da ta roƙa. Farin yadinta yana wajen tela, ba ta je karɓa ba.

Da lokaci ya yi, ta tashi. Ta ji benci ya yi tsit, ta ji idanu a bayanta, duk abin da ta ce tana so. Ta bi layi, ta miƙa hannu, ta ce amin. Abin ɗan siriri ne, ya narke a harshenta kafin ta kai wurin zamanta. Ta durƙusa ta rufe fuska kamar yadda kowa ke yi, lokacin da aka ce mutum ya gaya wa Ubangiji abin da ke ransa. Ta nemi abin faɗa ta rasa. Godiya ta ƙi fita, don ta san da me aka saya. Roƙo kuwa, abu ɗaya ta iya roƙa duk rayuwarta, kuma an riga an gaya mata ba zai yiwu ba.

A bakin ƙofa mata suka rufe ta da runguma da guɗa, har da masu hawaye. Ta yi ta cewa na gode har ta samu ta zame.

A gida ta tarar Auta ta buɗe tagogi, ɗakin yana warin fitsari da man zafi. Ta cire mayafi, ta ɗaura tsohon zani a kan kayan cocin, suka kama shi tare suka juya shi, suka canja shimfiɗa. Auta sai satar kallonta take yi.

"Mama, yaya? Kin karɓa?"

"Na karɓa."

"Kai, Allah mun gode! Lahadi mai zuwa ma zan zo da wuri in zauna da shi, ki tafi abinki."

Ta matse tsumma a cikin ruwan ɗumi, ta zauna a bakin gadon ta fara goge masa wuya da bayan kunne.

"Ba sai kin zo ba," ta ce. "Ina gida."